Jinin yayana ya koma daidai, me ya sa likita ya hana shi daina Glivec?

Abban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin su taimaka min. Yayana shekararsa 41, shekara biyu ke nan da aka gano yana da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira CML. Kafin a gano mun sha wuya: rama, gumin dare, kasala, ga ciki ya kumbura ta ɓangaren hagu har wando ba ya ɗauruwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot babu irin wanda bai sha ba. Sai da aka ɗebi jini aka ga fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawan da ya wuce misali, aka ce kuma saifarsa ce ta kumbura. Aka ɗora shi a kan Glivec, ƙwaya ɗaya kullum. Cikin wata biyu ciki ya sace, ya koma kasuwa. Yanzu gwaji uku a jere jini lafiya lau.

To ga inda gizo ke saƙar. Hajiyarmu ta ce ya daina sha tunda ya warke, don ta ga fatarsa tana yin haske, har a unguwa ana tsegumin wai man bilicin yake shafawa. Shi kuma likita ya ce kada ya kuskura. Na biyu, an sa ranar ƙanwarmu, dangin miji sun ji labari suna tambaya ko ciwon na gado ne kamar sikila. Na rasa abin da zan ce wa kowa.

Malam Idi Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Ni dai ɗana, duk maganin da aka ce maka ba ranar dainawa, to ka san akwai mai cin riba a bayansa. In jini ya koma daidai, me kuma ake nema?

Sani ɗan Samaru:
Malam, Allah ya ƙara girma, a nan kam ba haka ba ne. Bari in gwada bayani yadda aka koya mana a aji, Dakta Maryam ta gyara min in na kauce.

A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu furotin da ake kira kinas. Aikinsu ɗaya ne: su ɗauko wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet daga ATP, wato sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari, su manna shi a jikin wani furotin. Ku ɗauka kamar akawun ofis ne mai buga tambari. Takarda na nan a ajiye ba ta aiki, da ya buga mata tambari sai ta zama umarni: ƙwaya ta rabu biyu, ko ta yi girma, ko ta ƙi mutuwa. Jikin ɗan Adam yana da irin waɗannan akawuna sama da 500, ƙidayar da aka wallafa a 2002 ta ba da 518. Kusan 90 daga ciki a kan wani gurbi mai suna tairosin suke buga nasu tambarin, kuma wanda ya shafi yayan Abban Hanif yana cikinsu. Sunansa ABL1, ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi tana kan kuromosom na 9 (kuromosom su ne ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, an ba su lamba-lamba).

ABL1 na lafiyayyen mutum ba mahaukaci ba ne. A farkon jikinsa akwai wani ɓangare da ke lanƙwasowa ya riƙe shi, kamar ogan da ya dafe hannun akawu, ba ya buga tambari sai da dalili. Abin da ke faruwa a CML shi ne, a cikin ƙwaya ɗaya tak a ɓargo, kuromosom na 9 da na 22 sun karye sun yi musayar guntaye. Kamar tela ya yanka shadda biyu, ya ɗinka hannun wannan a jikin waccan. Sai ABL1 ya tsinci kansa a manne da wata ƙwayar gado mai suna BCR a kan na 22, ɓangaren da ke riƙe shi kuma ya tafi. Sabon abin da aka samu, BCR-ABL, akawu ne da ba shi da oga, tambari yake bugawa dare da rana. Shi ya sa fararen ƙwayoyin jini ke ta haihuwa ba tsayawa har saifa ta cika.

Hajiya Bilki:
Sani, wallahi yau na gane abin da ban gane ba a sakandare. Amma ka bar tela ya huta haka, su ma suna da 'yan uwa a gidan nan.

Dakta Maryam:
Sani ka yi daidai, ba gyara. Abban Hanif, bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce mai sauƙi kuma ita ce ke neman ɓata aure.

Ba ciwon gado ba ne. Sikila tana cikin kowace ƙwayar jikin mutum tun daga ciki, daga uwa da uba aka karɓo ta, shi ya sa ake gwaji kafin aure. Wannan karayar kuwa a tsakiyar rayuwa ta faru, a cikin ƙwayoyin ɓargo kawai. Ba ta cikin maniyyi, ba ta cikin ƙwan mace. Yayanka bai gada ba, 'ya'yansa ba za su gada ba, balle ƙanwarsa. Ba a kuma ɗauka ta cin abinci tare ko kwanciya. Ka faɗa wa dangin mijin haka kai tsaye, in suna so su tambayi kowane likitan jini suka ga dama.

Yanzu batun dainawa. Imatinib, wato sunan maganin na asali, Glivec sunan da kamfani ya sa masa ne, yana shiga ya toshe gurbin da ATP ke zama a jikin BCR-ABL. A misalin Sani, ya zauna ne a kan kushin tawada, akawu ya rasa inda zai dangwala tambarinsa. Amma bai kori akawun ba, bai kuma warware ɗinkin telan ba. Akwai tsirarun ƙwayoyin asali a ɓargo masu ɗauke da karayar, sun yi lamo kamar suna barci, maganin ba ya kashe su duka. Ka ɗaga maganin, su farka.

Gwajin da kuke cewa ya yi daidai, ina kyautata zaton ƙidayar jini ce ta yau da kullum. Ita wannan ido ne mai gani daga nesa. Mutum na iya samun ƙidaya lafiya lau alhali ƙwayoyin ciwon na nan da yawan gaske. Gwajin da muke dubawa shi ne PCR na BCR-ABL, mai ba da sakamako da kaso cikin ɗari. Muna son ya sauko ƙasa da 10 a wata uku na farko, daga baya ya kai 0.1 ko ƙasa. An taɓa yi masa wannan?

Abban Hanif:
Dakta na gode ƙwarai. An yi sau ɗaya a farko, da aka ce a maimaita muka ga kuɗin ya yi yawa muka bari.

Dakta Maryam:
To ka gani. Ba wanda ya san inda ciwon yake a yanzu ke nan, ana maganar dainawa. Abin da ke ba mu tsoro shi ne CML mataki-mataki ne. Wannan na farko mai tafiyar hawainiya shi ne maganin ke riƙewa da kyau. In ya tsallaka ya kai matakin ƙarshe, ya rikiɗe ya zama sankara mai saurin kisa, lokacin ko an dawo da ƙwayar sau da yawa ba ta kamawa.

Malam Idi Tsohon Hedimasta:
Na ji Dakta, na kuma karɓi batun gado. Amma hasken fatar fa? Maganin da ke sauya wa mutum kalar da Allah ya yi shi da ita, ai ba ƙaramin abu yake yi a ciki ba. Mahaifiyarsa ba ta yi laifi ba da ta tsorata.

Kabiru Mai Kemis:
Malam, ba ta yi laifi ba ko kaɗan. Sai dai abin sananne ne, kuma a jikin baƙar fata aka fi lura da shi. Dalili: su kinas ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, gurbin ATP ɗinsu ya yi kama da juna. Imatinib bayan BCR-ABL yana taɓa wasu 'yan uwansa, musamman KIT da PDGFR. Shi KIT ƙwayoyin da ke ƙera launin fata suna dogaro da shi, da aka rage masa ƙarfi sai fata ta ɗan washe. Ba hanta ba ce ta lalace, ba jini ba ne ya ƙare. Wannan taɓa KIT ɗin ma shi ya sa maganin ke aiki a kan wani ƙari na ciki da hanji da ake kira GIST, ka ga abin da ya zama illa a wurin wani shi ne waraka a wurin wani.

Abin da na fi so Abban Hanif ya kula da shi daban ne. Kumburin fatar ido da safe, ɗaurewar jijiyar ƙafa, tashin zuciya, waɗannan an saba gani, a sha shi da abinci da ruwa kofi babba. Amma in aka taɓa ɗora shi a kan maganin tarin fuka, lallai a gaya wa likitan jini, don rifampisin yana sa hanta ta cinye imatinib da sauri, sai ya zama kamar ba a sha ba. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Maman Ikram:
Ban cika magana a gidan nan ba, amma yau dole. Ni mai wannan ciwon ce, shekarata 11 ina shan ƙwayar nan. Lokacin da aka gano nawa, Ile-Ife ake zuwa karɓa kyauta a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo, ƙarƙashin shirin tallafin da Novartis, kamfanin da ke yin maganin, ya yi tare da gidauniyar Max. Daga Kano nake shiga motar dare, in isa ƙafa a kumbure. A layi za ka ga Bayerabe, Inyamuri, Bahaushe, mutumin Borno, kowa da jakar takardunsa. Abin da ya ba ni mamaki, yawancinmu matasa ne, 'yan talatin da wani abu zuwa arba'in, alhali ana cewa a Turai ciwon tsofaffi ne.

Ni ma na taɓa dainawa, Abban Hanif. Shekara ta uku, kuɗin mota ya yi wuya, ga jikina garau, ga wata ƙawar mahaifiyata ta kawo min sassaƙe ta ce ai an gama. Wata biyar na yi ban sha ba. Ranar da na ji ƙullin nan ya dawo ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu, ban iya barci ba. Allah ya rufa asiri da na koma maganin ya sake kamawa, amma likitan ya ce sa'a na yi. Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa a layi, ita ma ta daina a lokacin, ba ta dawo ba.

Batun haske kuwa, kishiyata har yau tana cewa mai nake shafawa. Na bar ta da halinta. Ka ce wa Hajiya ta kira ni in tana so, uwa ta fi jin maganar mace 'yar uwarta.

Hajiya Bilki:
Allahu akbar. Maman Ikram, Allah ya ƙara lafiya. Shekara nawa muna tare a nan ban sani ba.

Sani ɗan Samaru:
Dakta, ba musu nake ba, amma don adalci ga Malam Idi: ai akwai binciken da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2010, inda aka dakatar da imatinib ga wasu marasa lafiya, kusan kashi 40 cikin ɗari ciwon bai dawo musu ba. Ke nan "har abada" ɗin ba ta kan kowa ba ce.

Dakta Maryam:
Gaskiya ne Sani, amma ka karanta su wane ne aka dakatar wa. Mutanen da PCR ɗinsu ya yi shekaru ba a ganin komai. Ƙa'idar da ake bi yanzu: aƙalla shekara uku a kan magani, PCR a 0.01 ko ƙasa har shekara biyu a jere, sannan bayan dainawa a riƙa gwajin duk wata a watannin farko. Duk da haka kusan rabi ciwon na dawo musu, yawanci cikin wata shida, sai a mayar da su kan magani nan take tun kafin su ji komai a jiki. To mutumin da bai iya biyan PCR na biyu ba, wa zai yi masa na kowane wata? Ina roƙonka kada ka ɗauki rabin magana ka kai gida irin nasu. Dainawar da ake yi a ƙarƙashin idon likita daban, wadda Hajiya ke nufi daban.

Sani ɗan Samaru:
Na karɓa Anti. Na janye rabin.

Bashir Lauya:
Ni kuma zan tsaya wa Malam Idi ta wata fuska. Zarginsa na cin riba ba daga sama ya faɗo ba. A Amurka an amince da maganin nan a watan Mayu na 2001, kuma maimakon farashi ya sauka da shekaru, sai ya riƙa hawa har ya ninka sau da dama. A Indiya Novartis ya nemi a ba shi haƙƙin mallaka a kan wani sabon fasalin sinadarin, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, ta yanke a Afrilun 2013 cewa ba sabon magani ba ne, kwaskwarima ce. A lokacin na kamfanin yana kaiwa wajen rupi 120,000 a wata, na kamfanonin Indiya irin su Natco da Cipla kuwa wajen rupi 8,000. Wannan hukunci yana cikin abin da ya sa talakan duniya ke iya samun imatinib mai sauƙi. Saboda haka Malam ya yi kuskure a kan dainawa, amma bai yi kuskure a kan 'yan kasuwa ba.

Kabiru Mai Kemis:
Barista, kada kuma mu mance kamfanin nan shi ne ya ba su Maman Ikram kyauta shekara da shekaru. Kuma ba don masana sinadaransa a Basel ta ƙasar Switzerland sun ƙera ƙwayar ba, da ba abin da Indiya za ta kwafa.

Bashir Lauya:
Kyautar da ake yi da hannun hagu ana karɓa da na dama. Kuma ka san sai da Brian Druker, likitan jami'a a Oregon, ya yi ta matsa musu kafin su yarda a gwada a jikin mutane, don suna ganin masu ciwon ba su da yawan da za a ci riba.

Kabiru Mai Kemis:
Wannan kam haka ne. Amma ko ma mene ne, wanda zai sayi na Indiya ya saya a inda aka sani, da lambar hukumar NAFDAC. Jabu a wannan ciwon daidai yake da dainawa.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Tambayata ga Sani: na ji likita a nan yana cewa "kuromosom Filadelfiya". Mene ne haɗin ciwon da wani gari a Amurka? Can aka fara kamuwa?

Sani ɗan Samaru:
A'a yaya, can aka fara gani dai. A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura a madubin ƙara girma cewa masu CML suna da wani kuromosom ɗan guntu fiye da kima, wato na 22 ɗin nan da ya karye. Suka ɗauka guntulewa kawai ya yi. Sai a 1973 wata mata a Shikago, Janet Rowley, ta gano cewa guntun bai ɓace ba, ya koma kan na 9 ne. Ana ba da labarin a kan teburin cin abincin gidanta take jera hotunan kuromosom ɗin tana yanka da almakashi, tana hana yaranta taɓawa. Shi kansa sunan ABL daga Herbert Abelson ne, wanda ya gano wata ƙwayar bairos mai sa ɓeraye sankarar jini, daga baya aka ga ƙwayar gadon da bairos ɗin ke ɗauke da ita akwai irinta a jikinmu. A 1990 aka sa BCR-ABL a ɓargon ɓeraye suka kamu da ciwo irin CML, nan aka tabbatar shi ne mai laifin ba ɗan rakiya ba. Gwajin farko na maganin a jikin mutane 1998 ne, kuma cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye, 53 jininsu ya koma daidai. Ka lissafa, daga ganin guntun a 1960 zuwa ƙwaya a hannu a 2001 shekara 41.

Ɗan Damagaram:
Daidai shekarun yayan mai tambaya ke nan. Madalla, na gode.

Malam Idi Tsohon Hedimasta:
To Dakta, tambaya ta ƙarshe daga tsoho. In mutum yana sha ba fashi, amma maganin ya daina ci fa? Don na ga haka a maganin zazzaɓi, kulorokwin da muka sani da yanzu ba ya komai.

Dakta Maryam:
Baba, tambayar nan ta fi ta ɗalibaina. Yana faruwa, kuma kusan hanya ɗaya ce da ta kulorokwin. Cikin ƙwayoyin ciwon wata kan samu ɗan sauyi a gurbin da maganin ke zama, kamar an sauya kwaɗo, tsohon makulli ya daina shiga. Ita sai ta yaɗu, sauran su mutu. Shan magani yau a bari gobe yana ba irin waɗannan fili. Akwai magungunan da suka biyo baya, dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, daga baya bosutinib. Akwai wani sauyi mai taurin kai da ake kira T315I, inda amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) ɗaya tak a gurbi na 315 ya canza, duk waɗannan ba sa kama shi, sai ponatinib, ko asciminib da ya fito a 2021. Shi wannan na ƙarshen dabararsa ta burge ni: bai je gurbin ATP ba sam, ya je ya zauna a ramin da ogan nan na Sani ke dafawa, ya yi aikin ogan da aka yanke. Sai dai kowannensu ya fi imatinib tsada da wuyar samu a wurinmu, wasu kuma da illolinsu ga zuciya da jijiyoyin jini. Shi ya sa nake faɗa wa marasa lafiyata su riƙe na farkon nan da hannu biyu. A babban binciken da aka bi masu shan sa shekara goma, sama da kashi 80 cikin ɗari suna raye, alhali kafin zuwansa yawanci shekaru kaɗan ake yi.

Abu ɗaya ga matan gidan nan: mace mai shan imatinib kada ta ɗauki ciki ba tare da shiri da likita ba, yana iya yi wa ɗan tayi lahani.

Maman Ikram:
Haka ne, Ikram kafin ciwon na haife ta. Abban Hanif, azumi ma kada ya zama hujjar fashi. Ni da izinin likitana bayan buɗa baki nake sha, in na ci abinci sosai.

Malam Idi Tsohon Hedimasta:
To, na sauka daga kan batun dainawa. A kan 'yan kasuwa kuwa ina nan tare da Barista.

Abban Hanif:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya duka, ya yi shiru, sannan ya ce ashe sau biyu a watan jiya ya tsallake kwana uku-uku don ya ga ko fatar za ta dawo. Ban ma sani ba. Maman Ikram zan turo miki lambar Hajiya ta akwatin sirri. Dakta, in mun je ranar Litinin me zan ce a rubuta mana daidai?

Dakta Maryam:
Ka ce PCR na BCR-ABL, mai ba da kaso a ma'aunin ƙasa da ƙasa. Ka tambaya ko suna yi da na'urar GeneXpert, irin wadda ake gwajin tarin fuka da ita, akwai kwanson gwajin BCR-ABL da ake sa mata. Ku tafi da sakamakon farko don a kwatanta. Kuma ya faɗa wa likitan batun kwana ukun nan da bakinsa, kada ya ɓoye.

Hajiya Bilki:
Bikin kuma yaushe ne? Kada a manta da mu a rabon goro.